Gilashin gaban Transit ɗina rabi na ɗumama, rabi ya ƙi

Ɗan Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin wayarin mota ku taimaka mani. Ina da Ford Transit 'yar Beljiyam da nake ɗauko kaya da ita daga Kano, wani lokacin in wuce Daura ko Mai'adua. Akwai wani maballi kusa da na AC wanda in ka danna gilashin gaba ke ɗumama ya kore raɓa, in rana ta haske shi da kyau ma za ka ga wasu siraran wayoyi kamar gashi a cikinshi. To tun shigowar damina in na danna sai ɓangaren fasinja ya washe tas, ɓangarena kuma na direba ya tsaya dishi-dishi, ga ruwa ga fitilun manyan motoci, sai dai in riƙa gogewa da tsumma ina tuƙi. Wani mai gilashi ya ce mani gilashin ya mutu in kawo kuɗi a canza, ni kuma hankalina bai kwanta ba don ko mitar auna wuta bai ɗora ba. Fitilar maballin na kamawa lafiya lau.

Na Ƙofar Ƙaura:
Hahaha malam a Katsinar nan da zafin Afrilu ke haura digiri 40 kake neman hita a gilashi? Don ƙanƙarar Turai aka yi abin nan. Ka kunna AC ka juya iskar sama ta bugi gilashi, shi kenan magana ta ƙare.

Ɗan Marusa:
AC ɗin ai gas ya zurare tuni yallaɓai. Kuma ka taɓa fita da asuba cikin hunturu da mutum uku a gaba an rufe tagogi? numfashi kaɗai ya isa ya rufe maka hanya.

Baba Rewaya Daura:
Wa alaikumus salam. Yaro kar ka ba kowa kuɗin gilashi tukuna. Tunda rabi na aiki to maballinka lafiya shike, abin da ke ba shi umarni ma lafiya. Wanga gilashi da Ford ke kira Quickclear kashi biyu aka yi shi, dama da hagu, kowane ɓangare da hanyar wutarshi, don abin na jan wuta sosai, shi ya sa ma ba ya kamawa sai inji na tashe kuma bayan 'yan mintuna ya kashe kanshi. Saboda haka duk gwajin da za ka yi ka tada mota, ka danna, ka auna nan take kafin ya yanke, in ba haka ba za ka ga babu wuta ka ɗora laifi inda babu.

Fara da fis. Manyan nan ne na amp 30 ko 40, a yawancinsu guda biyu ne kowane gefe da nashi, duba zanen da ke jikin murfin akwatin fis don wurin ya danganta da shekarar motar. Kar ka yarda da ido, fis na iya tsagewa ta gefe ka ganshi kamar lafiya, a sa mita. In taka mai rilay biyu ce, wato 'yan akwatunan nan da ke sakar ma gilashin wuta in ka danna maballi, ka musanya su, in matsalar ta koma gefen fasinja to ka kama ɓarawo.

Amma ni inda na fi zargi can ƙasan gilashi ne, ƙarƙashin baƙar robar nan da waifa ke zaune a kai. Ka cire hannun waifa ka ɗaga robar, a kusurwa za ka ga wata faffaɗar waya siririya ta fito daga cikin gilashi ta shiga soket. Nan ƙurar hunturu ke taruwa, ganyen dalbejiya ya toshe magudana, ruwan damina ya zo ya kwanta, sai ka tarar da bakin soket ɗin ya yi kore-kore ko ya ƙone ya narke. A hankali za ka taɓa ta don in ta tsinke daga gindin gilashi to gyaranta wahala ne. Auna a nan: in mita ta nuna bolt 13 zuwa 14 wuta na isowa, saura ka duba wayar da ta tafi jikin bodi ko kusoshinta ya yi tsatsa. In wuta ta iso, bodi lafiya, ka zare soket ka auna gilashin kanshi mita ta ce babu hanya, to a nan ne mai gilashi ya yi gaskiya.

Abu ɗaya nake roƙonka, in fis ne ya ƙone kar wani ya ɗaure maka shi da waya irin yadda ake yi ma na rediyo. Wutar da ke bi nan ta isa ta cinna ma mota wuta.

Abu Fahad:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, gilashin gaba ba kamar na baya ba ne da layukan ke shafe a jikin gilashi har a iya liƙe wanda ya yanke da fenti na musamman, shi na gaba wayoyin a tsakiyar gilashi biyu aka danne su, in dutse ya sare su sun tafi kenan. Amma wannan yakan bar maka layi-layi ne da ba su washewa, ba rabi ɗungurungum ba. Kuma in ta kai ga canji ka tsaya a kai ka ga wayoyin da idonka, don gilashin da ba hita ma zai zauna daram a wurin, sai a cusa soket a ƙarƙashin roba a ce maka an gama.

Ɗan Marusa:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara girma. Na je wajen yaron da ke mani wayarin, fis duka biyu lafiya. Da muka ɗaga robar kuwa laka ce cunkus har da busasshen ganye, soket ɗin gefena ya yi kore kuma ƙafa ɗaya ta yi baƙi. Ya kankare ya fesa mai, muka danna, na ɗora tafin hannu na ji ɗumi-ɗumi. Sai dai robar soket ɗin ta narke ba ta kamawa gam. Baba in sa a nemo mani na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko a yanke a haɗa kai tsaye?

Baba Rewaya Daura:
Nemo soket. In aka haɗa kai tsaye ranar canza gilashi sai an sake yanka, kuma murɗin hannu da salatif ba ya jure wagga wuta. Ka tafi da tsohon su gwada maka, kuma ka sa a buɗe magudanar ruwan kafin a maida roba.