Musayar Waƙa: Zauren Yaya Ya Sake Buɗewa

Baffan yaran, daga Bauchi

Assalamu alaikum. Marigayi yayana ya kafa ƙaramin kamfanin shirya fim a zauren gidanmu a zamanin kaset, bayan da Turmin Danya ya fito a Kano a 1990 ya nuna cewa kyamarar bidiyo ta isa a yi fim da Hausa. Kamfanin ya durƙushe sa'ad da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai. Bana 'ya'yansa biyu da ɗan ƙanwarmu, waɗanda babbarsu ba ta cika shekara 19 ba, suka roƙi in bar musu sunan kamfanin, kuma na bar musu. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Na buɗe akwatin yayana da hannuna,
Funfuna ta rufe kaset, ba ya kunnuwa.
Kyamarar da muke saɓawa mu nufi Gubi,
Batirinta ya kumbura, ba ta tasowa.
Sai ga yaran da na goya sun ɗaure waya
Bisa ƙafar tsohuwar fanka, tana tsayuwa.
Sun rataya koren ƙyalle a bangon zauren,
Kwana uku na ga birni a wurin yana fitowa.

Gwaggonsu, daga Jekadafari, Gombe

Yaya, waƙarka ta sa ni hawaye,
Sai dai akwai abin da ba na mantawa.
Marigayin, filin gadonsa ya sayar ya zuba a fim ɗaya,
Kafin dillali ya biya, ɓarayin fasaha sun gama bugawa.
Ya rasu yana jiran kuɗin da ba su zo ba,
Ni na ga matarsa da dare tana jurewa.
Yarinyar nan jarrabawar WAEC ke gabanta,
Kada lokeshin ya cinye lokacin karantawa.

Tsohon mai shagon kaset, Kasuwar Wunti

Hajiya, gaskiya kika faɗa, ni shaida ne, domin a kantata aka riƙa jera finafinan marigayin, kuma na ga ranar da faifai ya daina fita ko da an karya farashinsa. Amma kasuwar da ta cuce shi ba ita ce yaran za su shiga ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 mutane suka saba da shiri mai dogon zango, kuma a 2019 duniya ta ga wasu matasa 'yan dangi ɗaya a Kaduna suna yin finafinan ƙirƙirar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi.

Yau babu dillali tsakaninsu da mai kallo,
YouTube ce kasuwar, ita ce ake hawa.
Mabiya 1,000 take nema da awa 4,000 na kallo,
Kafin kuɗin talla su soma shigowa.
Na kalli gwajinsu, hoton ya yi kyau ƙwarai,
Amma ƙarar janareto ta danne masu furtawa.
Ido kan yafe wa hoto in ya dushe,
Kunne ba ya haƙuri, mai kallo sai wucewa.

'Yar marigayin

Baffa, Gwaggo, Alhaji, na gaishe ku da ladabi, kuma ina neman afuwa idan baitina bai kai naku ba.

Gwaggo, ku kwantar da hankalinku a kaina,
Asabar da Lahadi kaɗai muke fitowa.
Ba mu taɓa fili ba, ba mu ci bashin kowa ba,
Kuɗin data daga ɗinkin hula yake samuwa.
Alhaji, mun ji gyaranku, mun sauya dabara,
Sai dare ya raba, injinan unguwa sun yi mutuwa,
Mu shiga ƙarƙashin bargo mu maimaita magana,
Ƙanena ya ɗora ta kan hoto har ta yi dacewa.
Abin da ya tashe mu kuwa wani kundi ne na Baba,
Da ya rubuta waɗanda bai kai ga sallamarsu ba, yana ƙirgawa.
Akwai tsohuwar da ta fito uwa a fim uku,
Ko kwabo ba ta karɓa ba, ba ta kuma yi tuhumawa.
Kuɗin farko da sunan Baba zai jawo mana,
Ƙofarta za mu nufa kafin mu yi rabawa.

Gwaggonsu

'Yata, ban san kin ga wannan kundin ba. Na janye rabin maganata, amma rabin da ya shafi jarrabawa yana nan, kuma zan zo Bauchi in ga sakamakon da idona.

Baffan yaran

Tsohuwar tana raye, gidanta na bayan Ƙofar Ran,
Ranar Juma'a bayan masallaci zan kai ku gaisuwa.
Ku tafi da wayar da fim ɗin a cikinta,
Idonta ya yi rauni, ku ƙara mata sauti da zaunawa.