Karin safe mai zafi, ba nama ba ƙwai: me zan riƙa dafa wa Baba?

Maman Ummi, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Surukina ya dawo wurinmu daga Jega sati 3 ke nan, bayan an sallamo shi daga asibiti saboda hawan jini. Likita ya ce a rage masa gishiri da maiƙo, a ɗaga masa ƙafa daga jan nama da soye-soye, a yawaita wake da ganye. Ƙwai dama ba ya ci, ƙarninsa na tayar masa da zuciya, madara kuma ɓata masa ciki take yi.

Abincin rana da na dare ba su dame ni ba, safiya ce ta gagare ni. Ina koyarwa a firamare, 7:15 nake fita, ga yara biyu da zan shirya. Satin farko shayi da burodi na riƙa kai masa. Bai ce uffan ba, kun san dattijo da kunyar suruka, sai dai in na dawo in tarar da burodin ya bushe a faranti, gefe ɗaya kawai aka gutsura. Ran Juma'a na jiyo shi a zaure yana gaya wa ɗansa cewa tunda yake bai taɓa karyawa da ruwan bunu ba. Wallahi sai da na yi ƙwalla a kicin. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noman shinkafa a fadama, ya ciyar da gida guda, yau shi ne ke kai azahar da yunwa a gidana.

Na koma sayen ƙosai da koko a bakin layi. Yana ci sosai, amma takardar da ake naɗowa jiƙe take sharkaf da mai, gishirin kuma ba ni na sa ba balle in auna. Ɗumame yana so, sai dai tunda na rage dunƙule a miyar kuka ya ce ta zama lami.

Don Allah me kuke dafawa da zai nuna cikin rabin awa, mai zafi, mai riƙe ciki?

Inna ta Argungu:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi ba Baba lahiya, shi biya ki. Alale za ki yi mai. Wake ɗaya ne da na ƙosan da yake so, wancan mai ya soya shi, wanga tururi ya dafa shi. Kada ki ce za ki markaɗa da dare ki aje, ba wuta ba firij, kafin asuba ƙullin ya yi tsami. Ran Asabar ki surfe wake kwano guda, ki wanke, ki shanya shi ya bushe ƙarau, a niƙo miki gari. Da kin sallame Asuba ki dama da ruwan ɗumi, ki jajjaga albasa da tattasai da attarugu ɗaya, manja cokali guda, ki bar shi ya ɗan jiƙu kina wanke yara. Ƙananan gwangwanaye za ki zuba, su ne ba su daɗewa bisa wuta.

Batun miya kuwa, mu da muka tashi ba mu san dunƙule ba. Daddawa ce, ta kalwa ko ta batso, da albasa mai yawa da citta da masoro. Ki daka daddawar da kyau ki bar ta ta dahu a ruwan miya tun kafin ki kaɗa kuka. Ɗanyar daddawa wari take, dafaffa ita ce daɗin miya.

Malam Sani, ma'aikacin jinya, Zuru:

Malama, maganar Inna ta yi daidai. Bari in ƙara abin da mutane ke mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙule da yajin kasuwa. Dunƙule kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. Kanwa ma sinadarin sodiyam ne a cikinta, irin wanda ke tayar da hawan jini a gishiri, don haka ɗanwake, duk da wake ne, kada ya zama na kullum, haka kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko dahuwar wake.

Ki riƙa haɗa masa wake da hatsi a zama ɗaya, kamar alale da kunun gero ko na shinkafa, domin abin gina jikin da ya yi ƙaranci a hatsi yana nan a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake kuma hatsi na da shi. In zai sha shayi a bari sai an jima da cin abinci, yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, lemo ko tumatir kuma suna taimakawa. Abu ɗaya da tsirrai ba sa bayarwa shi ne bitamin B12, shi ya sa zan ce kada a yanke masa kifi da rana, ko ki tuntuɓi likitansa. Magani kuma ya ci gaba da sha ko da awo ya sauka.

Anti Luba, Yauri:

'Yar'uwa ki gwada awara. Ba soyayyar ba, farar da ba ta shiga mai ba, ki yi magana da mai yi ta riƙa cire miki kafin ta soya. Ki marmashe ta da hannu, ki soya albasa da tumatir da tattasai a mai cokali ɗaya, ki juye awarar, ki watsa dafaffen zogale ko alayyahu. Minti 10 ta yi. Da dafaffen dankalin Hausa ake ci. Lokacin zafi dai kada ki kwanar da ita, saurin lalacewa gare ta.

Maman Ummi, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bari sai da na yi kwana 10 ina gwadawa kafin in dawo.

Inna, garin alalen nan ya cece ni. Ranar farko ya yi tauri kamar hoce, ashe ruwa na rage. Yanzu na gane: sai ƙullin ya riƙa zuba daga ludayi kamar koko mai kauri, kuma in buga shi sosai. Ina shafa wa gwangwanin ɗan mai da yatsa, in shimfiɗa 'yan karare a gindin tukunya don kada ruwa ya shiga, minti 25 in soka tsinke ya fito tas. A ɗayan murhun ina kunun gyaɗa. Tun dare nake tsince gyaɗar, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna in zubar. Da safe in dama markaɗaɗɗiyar in tace, ruwan ya tafasa, in zuba karyayyar shinkafar gida da na jiƙa, a ƙarshe ruwan tsamiya kaɗan. Sukari rabin abin da na saba nake sawa, kuma bai yi ƙorafi ba.

Anti Luba, awarar ba ta karɓu wurin Baba ba. Ya ɗanɗana ya tambayi Ummi ko ƙwai ne, da aka ce waken suya ne ya ci loma biyu don kara ya ture. Yaran da babansu suka cinye, yanzu ita ce abin karyawarsu ran Lahadi. Malam Sani, na cire kanwa daga miya gaba ɗaya, kuma kifi yana nan da rana, dama shi mutumin bakin gulbi ne.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne ɗumame. Na sayo daddawa da albasar Aliero rabin kwando, na yi miyar yadda Inna ta ce, gishiri ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka. Shekaranjiya na kai masa tuwon dawa da aka ɗumama cikin miyar, na koma ɗaura wa Ummi takalmi. Ina saɓa jaka zan fita na ji ya kira ni, shi da ko sunana ba ya kamawa. Na durƙusa a bakin ƙofa, sai na ga kwanon a suɗe, ya miƙo min shi ya ce, "Malama, in da saura a tukunya a aje mani na hantsi."

Inna, saura tambaya ɗaya: garin waken nan wata nawa yake yi kafin ƙwari su shige shi, kuma a bokiti mai murfi zan zuba ko a buhu?