Mu biyu ne kawai ba yara, ƙarin kuɗin sashen alfarma a jirgin ruwan shaƙatawa ya cancanta kuwa?

Ummu_Tafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa hawa irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa ina neman shawara, don ni da maigida mun kwana uku muna ja-in-ja a kan abu ɗaya har yanzu ba mu tsaida magana ba. Tafiyar kwana 7 ce a Bahar Rum da jirgin kamfanin MSC, za a tashi daga Barcelona a tsaya Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo da Malta sannan a dawo, kuma mu biyu ne kawai babu yara a tafiyar. Ni ɗaki mai baranda na zaɓa, shi kuma ya ga wani sashe da suke kira Yacht Club ya ce shi ke nan can za mu, wai akwai hadimi da wajen cin abinci daban da wajen ninkaya daban ba cunkoso. To amma kuɗin fa ya kusa ninka na ɗakin da na zaɓa. Shi mutum ne da ya tsani layi da hayaniya, na san wannan, kuma shekara da shekaru bai huta ba, shi ya sa ban son in matsa masa, amma wallahi zuciyata ta kasa yarda mu zuba wannan kuɗin a ɗakin da kila barci kawai za mu riƙa yi a ciki. Ga shi ba ma shan giya, kuma na ga kamar kaso mai yawa na abin da ake haɗawa a ciki abin sha ne. Wanda ya gwada ya faɗa min gaskiya, ya cancanta ko a'a?

Matafiyi_Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumussalam Hajiya. Ni na gwada duka biyun tare da iyalina, kuma ina bayan maigidanki, amma bari in faɗa miki ainihin abin da ake saye don ba ɗakin ba ne. Ɗakin ya ɗan fi girma kam, amma ba shi zai sa ki ce kuɗinki ya yi amfani ba. Abin da ake saye shi ne ƙofa. Sashen a rufe yake, sai da katin ɗakinki za ki shiga, kuma jirgin da ke ɗauke da mutum dubu biyar ko shida waɗanda ke cikin sashen nan 'yan ɗaruruwa ne kawai. Tun daga tasha za ki ga bambancin, mutane na tsaye da jakunkuna a dogon layi ku kuma a zo a tarbe ku a wuce da ku. Da safe wajen abinci na ɗiba-da-kanka idan kika je ƙarfe takwas da rabi, lokacin da kowa ke sauri ya ci ya sauka gari, za ki riƙe faranti kina zagaye kina neman kujera, a can kuwa zama za ki yi a kawo miki. Falon nasu da suke kira Top Sail Lounge yana can gaban jirgi a sama, gilashi ne har ƙasa, za ki zauna da shayinki kina kallon yadda jirgi ke shiga tasha ba mai ture ki. Shigar Malta kaɗai, da ganuwar Valletta, babban birninta, tana tasowa a gabanki da sassafe, matata har yau tana maganarta.

Hadimin kuma da farko na ɗauka ƙawa ce kawai, mu da muka saba yi wa kanmu komai, amma shi ya riƙa kama mana kujera a wajen wasan dare, ya gyara mana lokacin cin abinci da muka makara, ranar sauka kuma ya raka mu har ƙofa ba mu tsaya jiran a kira lambarmu ba. Intanet ma yana cikin kuɗin, da shiga ɗakin tururi da wajen gasa jiki, waɗanda a ɗakin gama-gari duk sai kin biya daban. Mutumin da ya tsani layi ki sa shi cikin mutum dubu biyar na kwana bakwai, ina jin tsoron ya dawo ya fi yadda ya tafi gajiya, shi ne kawai abin da nake so ki duba.

Anti_Lissafi ta rubuta:

'Yar'uwa ni dai ban yarda da Malam ba a kan WANNAN tafiyar, ko da yake duk abin da ya lissafa haka yake. Ki ɗauko takardar tafiyarku ki ƙirga, kwana bakwai, tasha shida in an haɗa da Barcelona, yini ɗaya tak za ku yi a tsakiyar teku. Sauran ranakun da safe za ku sauka, sai yamma ku dawo ƙafafu sun yi tsami. Ranar Civitavecchia ma ta fi, don tashar zuwa birnin Rum ce kawai, birnin kansa na da nisan kusan kilomita 80, awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa zuwa, haka dawowa, kin ga yinin ya tafi gaba ɗaya. To wajen ninkayar nan na musamman yaushe za ku shiga? Kujerar shan iska da ba cunkoso yaushe za ku kwanta a kai? Kuɗin yini bakwai za ku biya ku ci moriyar yini ɗaya da 'yan awannin dare.

Sannan maganar abin sha da kika kawo ba ƙaramar magana ba ce. Farashin sashen an gina shi ne da tunanin mutum zai sha masu tsadar nan safe da dare, ke kuma lemo da kofi da ruwan gora za ki sha, wato kina biyan rabon da ba za ki taɓa ba kuma ba za su rage miki ko sisi ba don kin ce ba kya sha. A ɗakin gama-gari za ki iya sayen tsarin abin sha marar giya shi kaɗai wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko ma ki bari ki riƙa biyan abin da kika sha, ruwa da shayi ai kyauta ne a wajen ɗiba-da-kanka. Haka intanet, tunda kullum kuna bakin gari a Sifen ko Faransa ko Italiya, layin waya na data zai wadatar da ku da rana, ki dai tabbata kin sa wayar a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha don sadarwar teku tsada gare ta ba kaɗan ba.

Da a ce ƙetare Atlantika za ku yi, irin na jirgin Queen Mary 2 daga Southampton zuwa New York da ake kwana bakwai ba a ga ƙasa ba, da ni da kaina zan ce ku ƙara kuɗin, don can jirgin shi ne tafiyar gaba ɗaya, inda kika zauna da abin da kika ci shi ne hutun. Amma Bahar Rum garuruwan ne tafiyar. Bambancin kuɗin nan ku kama otal mai kyau na kwana biyu a Barcelona kafin ku hau (wanda dama ya kamata, bai dace mutum ya sauka daga jirgin sama ranar da jirgin ruwa zai tashi ba, in an samu jinkiri ba ya jiran kowa), ku ɗauki mai yi muku jagora ku kaɗai a Rum, ku ci abinci sau biyu ko uku a gidajen abinci na musamman na cikin jirgin da ake biya daban, kuma har yanzu da canjinku.

Baban_Taswira ya rubuta:

Akwai abu ɗaya da ban ga an taɓo ba kuma ina ga shi ne ya fi shafar ma'auratan da ba yara tare da su. Mutane da yawa suna ɗauka in sun biya sashen alfarma sun rabu da hayaniyar yara ke nan, ba haka ba ne. Yacht Club ana shiga da yara, The Haven, sashen alfarma na kamfanin Norwegian, ma haka, iyalai masu hali suna kama manyan ɗakunan da 'ya'yansu, kuma wajen ninkayar ƙarami ne, yara huɗu masu wasa sun isa su cika shi. In shiru ake nema akwai hanyoyin da ba sai an ninka kuɗi ba. Na farko lokaci. Ku da ba hutun makaranta ya ɗaure ku ba, me zai kai ku Yuli ko Agusta ko ƙarshen Disamba? Ku tafi Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, jirgin ɗaya ne amma kamar an canza shi, yara kaɗan, zafi ya sauka, farashi ma yawanci ya sauka. Wannan gata ce da masu yara ba su da ita kuma kyauta ce.

Na biyu jirgin kansa. Kamfanin Virgin Voyages ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai salonsu na kiɗa da shagalin dare ne, ban san ko zai dace da ku ba. Kamfanin Viking ma sai 18, jiragensu na teku mutum 930 ko sama da haka kaɗan suke ɗauka, kowane ɗaki da barandarsa, ba gidan caca a ciki. Tsada gare su kam, amma tunda har maigida ya yarda ya biya kuɗin Yacht Club to ya kamata a ajiye farashin biyun gefe da gefe a gani, don a ƙaramin jirgi ba kya buƙatar ƙofar da za ta raba ki da taro, taron ne babu. A babban jirgi kuwa da zarar kun fito daga sashenku za ku je kallon wasa ko za ku sauka gari kun koma cikin jama'a.

In kuma lallai wannan jirgin ne, dabaru biyu. Wasu jiragen MSC suna da ɗakin ciki marar taga a cikin Yacht Club ɗin, duk gatan iri ɗaya ne, falo da hadimi da abinci, baranda ce kawai babu, kuma shi ne mafi sauƙi a sashen, ki tambaya ko naku na da shi don da wuri yake ƙarewa. Sai kuma tayi, bayan kun biya ɗakinku kamfanoni da dama sukan turo saƙo 'yan makonni kafin tashi su ce ku taya ɗakin da ya fi naku in bai cika ba. Ku sa abin da ba zai dame ku ba, in an karɓa alhamdulillah, in ba a karɓa ba ba a cire muku komai. Ki lura dai tayin na kowane mutum ɗaya ne, wato ninki biyu za a cira, kuma in an karɓa su za su zaɓa muku ɗakin, ba a fasawa.

Hajja_Natsuwa ta rubuta:

Ni gajeruwa ce tawa, ƙanwata. Cikinku akwai mai jin jiri ko tashin zuciya a mota? Ki fara sanin wannan. Sassan alfarmar nan galibi a can ƙololuwa suke, da yawansu ta gaba, kuma nan ne jirgi ya fi lilo in teku ta tashi, inda ya fi zama daram shi ne tsakiya a hawa na ƙasa-ƙasa. Mu mun taɓa cin tayi a wani kamfani, muna ta murna an ɗaga mu babban ɗaki mai falo, ashe a goshin jirgi yake kuma daidai ƙarƙashin wajen ninkaya, dare biyu ina kwance da jiri, ƙarfe biyar da rabi na asuba kuma ma'aikata sun fara jan kujeru a samanmu. Na yi kewar ƙaramin ɗakin da na zaɓa da hannuna wallahi. Tsakanin Barcelona da Marseille iska na kaɗawa sosai wani lokacin, musamman in an shiga sanyi. Kowane ɗaki za ku kama, ki buɗe taswirar jirgin ki duba abin da ke samansa da ƙasansa, ki nemi wanda ɗakuna ne sama ɗakuna ne ƙasa, kuma ki tabbata kwale-kwalen ceto bai tare barandar ba.

Baranda kam kar ki bari a raba ki da ita. Ga mata da miji ita ce wajen da za ku zauna ku biyu ba kowa, ku sha iska da safe ko bayan magariba.

Matafiyi_Ruwa ya rubuta:

Na yarda da lissafin Anti a kan yawan tashoshin, tamu tafiyar yini uku muka yi a teku shi ya sa muka more. Amma ba dole ba ne a sauka kowace tasha fa. In maigida hutu yake nema ba yawon gari ba, zai iya zama a jirgi ranar Genoa ko Marseille, sai dai in faɗi gaskiya a irin ranar nan jirgin gaba ɗaya fayau yake, ko wajen ninkaya na kowa da kowa ba mutane.

Ummu_Tafiya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka jiya da dare. Maganar jirin nan ta Hajja ce ta fi kama shi don shi ne mai fama da shi ba ni ba, bai taɓa sanin sashen a gaba yake ba. Mun mai da tafiyar daga Agusta zuwa farkon Oktoba, za mu kama mai baranda a tsakiya hawa na tara ko goma, da kwana biyu a Barcelona kafin mu hau. Tayin kuma ya ce ba zai sa ba tunda ba shi zai zaɓi ɗakin ba. Abin da ya rage mana shi ne layin ranar shiga, Baban_Taswira ko ka san in mutum ya zaɓi lokacin shiga na can bayan azahar layin yana raguwa, ko gara mu je tun da safe?