Motata tana ɗaukar zafi a gosulo: a canza gasket ko a sa wani inji?

Mai Corolla, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai inji 1.8. Tun da zafin Afrilu ya kankama ta canza hali. In ina kan babban titi, kamar hanyar Zariya, allurar zafi tana zaune daram a tsakiya. Da na shiga gosulo kuwa, musamman wajen Kurna da yamma, sai ta fara hawa, in na kunna AC abin ya fi sauri. Ranar Juma'a ta kusa taɓa ja, na gangara gefe na kashe, ina jin ruwa yana tafasa a robar da ke gefen lagireto. Tun daga ranar kusan kullum da safe sai na ƙara ruwa, kuma ban ga inda yake ɗiga ba.

Bakanikena ko tayar da ita bai yi ba ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai an buɗe inji. Wani kuma ya ce injin alminiyam in ya taɓa tafasa ya gama yawo, gara in je Ƙofar Ruwa in ɗauko na Beljiyam, a cire tamostat (abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama), a haɗa fanka kai tsaye. Ni ɗan albashi ne, kuma da motar nan nake kai yara makaranta, nake kai Hajiyarmu asibiti. Me zan fara yi?

Tsohon bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya kwance ƙusa ko ɗaya a kan injin nan tukuna. Bayaninka da kansa ya nuna hanya. Motar da ke sanyi a guje, ta yi zafi a tsaye, iska ce ba ta samu. A guje iskar hanya ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki. Da lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, a babban titi da hawan tudu za ta fi nuna maka.

Gobe da safe ka tayar da ita, ka kunna AC, ka leƙa. Ya kamata fanka ta tashi. In shiru, ko tana juyawa sanyi-sanyi, kai wa mai wayarin ya duba fiyus da rile, sannan ya ba motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, wuta kai tsaye daga batir don a gane ko ita ce ta mutu. Ka duba fuskar lagireto da ta kwandensan AC ma, domin ƙurar hunturu da ledoji kan like a tsakaninsu.

Raguwar ruwa ita ce ta fi damuna, amma ita ma ba lallai gasket ba ne. Murfin lagireto in robarsa ta tsage ba ya riƙe matsi, sai ruwa ya riƙa gudu ta roba yana fita a tururi, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba. Tiyo ma kan yi ɗan tsagu wanda ba ya buɗewa sai ya yi zafi.

Gasket yana da shaidunsa. Tun inji yana da sanyi, buɗe murfin lagireto, cika shi, ka tayar. In kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, hayaƙin cikin silinda ne yake shiga ruwa. Zaro ma'aunin baƙin mai, ka duba ƙarƙashin murfin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. Sai farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, da karkarwa in an tayar da safe. In babu ko ɗaya a cikin waɗannan, wanda ya ce a buɗe inji ya kawo hujjarsa.

Direban Sharon, Kano zuwa Jos:

Oga, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai maganar tamostat. Mu a tasha da mota ta shigo hannunmu muke cire shi. Don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. A nan da rana take dukan kwalta haka, me za a yi da abin da yake tare ruwa? Tawa babu shi, fanka kai tsaye, kuma lodi nake hawa da shi har Jos.

Tsohon bakanike, Kaduna:

Direba, na san haka ake yi, amma ban yarda da shi ba. Tamostat na irin wannan Corolla yana fara buɗewa ne wajen digiri 82, in ya kai casa'in da ɗoriya ya buɗe gaba ɗaya. Ka ga kenan lokacin da mota ke neman tafasa, shi a wangale yake, bai tare komai ba. Aikinsa shi ne ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya riƙe shi a nan. In ka cire, da safe da lokacin sanyi inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba fetur da yawa, ringi da silinda su riƙa cin juna. Da tsadar fetur ta yanzu wannan ba ƙaramar asara ba ce. Fanka kai tsaye kuma ba ta hutawa, ranar da ta ƙone ba za ta yi maka sallama ba. In tamostat ya maƙale, a jefa shi a tafasasshen ruwa a gani. Bai buɗe ba, a sa sabo.

Maman Yara, Zariya:

Malam, ni roƙona ɗaya: kada ka buɗe murfin lagireto mota na da zafi, kada kuma ka bar yaran gareji su buɗe. Na ga yaron da ruwan ya wanke wa hannu da ƙirji, har yau tabon yana nan. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne ya hana shi tafasa, ana sassauta murfi yake yin tsalle. In allura ta hau kana cikin gosulo, kashe AC, kunna hita har ƙarshe, ka sauke gilasai kafin ka samu wurin tsayawa. Sannan a daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, shi ke tara farin dutse da tsatsa a ciki. A sa kulant na gaske, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji.

Mai Corolla, Kano:

Allah ya saka muku da alheri. Oga, na yi yadda ka ce. Fanka ba ta motsa ba ko da AC, mai wayarin ya tabbatar motarta ce ta mutu, an canza. Robar murfin ma ta tsattsage, na sayi sabo. Baƙin mai fes yake, babu hayaƙi. Jiya na bi ta Kurna allura ba ta ɗaga ba. Sai dai da safe na ga 'yar kumfa tana fitowa jifa-jifa, shi ne hankalina bai kwanta ba.

Tsohon bakanike, Kaduna:

Madalla. Kumfar tana iya zama iskar da ta maƙale tun ranar da ta tafasa. Ajiye motar gabanta ya ɗan ɗaga, inji da sanyi, murfi a buɗe, hita a kunne, ka bar ta tana aiki har fanka ta tashi, kana ƙara kulant. In iska ce, za ta ƙare. Daga nan ka yi alama a jikin robar, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu.

In kumfa ta ƙi tsayawa ko ruwa ya ci gaba da raguwa, nemi garejin da ke da ma'aunin kwamfireshan, wato na auna matsin silinda, ko ruwan gwajin nan shuɗi da ke komawa rawaya in hayaƙi ya taɓa shi. Ko gasket ɗin ne, ban ga dalilin sayen inji ba tunda naka ba ya ƙwanƙwasa, ba ka kuma ce yana shan mai ba. Na Beljiyam ba ka san wahalar da ya sha ba, kuma irin wannan inji, 1ZZ, na shekarun farko an san su da shan baƙin mai. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a auna kan injin, wato murfin silinda, da ƙarfe miƙaƙƙe. Lanƙwasar da Toyota ta yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, in ta wuce a kai wa masu inji su daidaita fuskarsa. A sa gasket mai kyau, a ɗaure ƙusoshi bi da bi da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Wanda ba shi da wannan sifana kada ka ba shi aikin.