Masu leƙen duniyar Mas a Kaduna, wa ya ga me?

Daga Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na sayi madubin hangen nesa mai faɗin inci 6 dab da matsowar duniyar Mas a Janairun 2025. Dare biyar ina fitowa tsakar gida, abin da nake gani bai wuce ɗan ɗigo ba, kamar ƙwayar dawa an tsoma ta a manja, sai rawa yake yi. Har maiɗakina ta fara cewa da cefane aka yi da kuɗin da ya fi. Don Allah akwai wanda ya taɓa ganin wani abu a jikinta da idonsa, ba a hoton NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba?

Daga Kawo: Wa alaikumus salam, ɗana. Madubinka ba shi da laifi, shekarar ce ba mai kyau ba. Duk bayan wata 26 Mas ke matsowa, amma matsowar ba iri ɗaya ba ce. A 2025 tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 96, alhali a ƙarshen Yulin 2018 ba ta kai miliyan 58 ba.

Kuma ko a 2018 ɗin ni ban more ba. Tsakiyar damina ce, ka san halin Kaduna, hadari kullum. Na yi sati biyu ina dako. Ranar da sama ta washe bayan ruwan la'asar, na kafa madubi, sai ga ta ƙatuwa, tas, amma fuskarta sumul kamar ƙwai, babu tabo ko ɗaya. Na goge gilashi, na sake gogewa, har na fara zargin jikana ya taɓa shi. Ashe guguwar ƙura ce ta taso can tun ƙarshen Mayu ta lulluɓe duniyar gaba ɗaya. Ita ce ta kashe motar binciken nan ta Amurka, Opportunity, wadda ba a sake jin ɗuriyarta ba tun 10 ga Yuni. Sai cikin Agusta tabbunan suka fara dawowa, dishi-dishi.

Daga Barnawa: Baba, sannu da haƙuri. Ni rabona a Oktoban 2020 yake. Ruwa ya fara ja da baya, iska ta wanku, kuma Mas na bi ta saman kai sosai, har sai da wuyana ya yi ciwo. Madubin makarantar da nake koyarwa na aro. Abin da na fara kamawa farar hular ƙanƙarar kudu ce, kuma a madubi mai juya hoto a sama take fitowa, kada wannan ya rikita ku. Tun watan Agusta nake zana ta da fensir a bayan littafin darasi. Da na jera zanen sai na ga hular tana ta ƙanƙancewa, daga girman ƙwayar shinkafa har ta koma kamar kan allura, domin zafi ya shigo a can kudancinta. Yawancin abin da ke ɓacewar nan ba ruwa ba ne, iskar kabon ce da ta daskare, takan koma iska kai tsaye.

Sai wani baƙin tabo mai kusurwa uku, Sirtis Mejo, wanda Huygens, wani masanin taurari ɗan ƙasar Holan, ya fara zanawa tun 1659. Wani sati na neme shi na rasa, na ɗauka ƙura ce ta sake tasowa. Ba ita ba ce. Kwanan Mas ya fi namu tsawo da minti 37, saboda haka idan kana duba ta a lokaci ɗaya kullum, fuskar na zamewa kaɗan-kaɗan, sai bayan kusan kwana 40 tabon ya dawo inda ka bar shi. Yaya na Unguwar Rimi, wataƙila ɓangaren da ba shi da manyan tabbai ka yi ta kallo.

Daga Tudun Wada: Rawar da ka ce tana yi, a ina kake kafawa? In ta saman rufin kwano kake hange, zafin da kwanon ya sha da rana ne ke tashi. Ka fitar da madubin ya sha iska kamar awa ɗaya, ka jira ta hau sama. Kuma kada ka damu ko da wuta ko an ɗauke, hasken gari ba ya hana ganin Mas.

Daga Rigasa: Ni inda na sha wuya shi ne rarrabe ƙurarmu da tasu. Disamban 2022 da Janairun 2025 duk a hunturu suka faɗo. Dabarata: in na ga Mas ta dushe, sai in juya wajen Mushtari, wato Jufita. In layukanta ma sun dushe, hazon namu ne, in tattara in shiga ɗaki. Amma hazo mara kauri ni yakan yi mini rana, yana rage ƙyallin, kuma sau da yawa iskar daren a natse take. A irin wannan daren na ga wani fari-fari a gefenta da gilashin tacewa shuɗi, wato gajimaren safiyar can. Jan gilashi kuwa tabbunan ƙasa yake fitarwa. A rufe bakin madubi da zarar an gama, ƙurar hunturu ba ta da mutunci.

Daga Unguwar Rimi: Allah ya saka da alheri. Gaskiyar mutumin Tudun Wada, ta saman kwanon maƙwabcina nake hange, kuma daga ɗaki nake fito da madubin da ɗuminsa. Baba, yaushe za ta sake matsowa?

Daga Kawo: Fabrairun 2027, in Allah ya kai mu, kuma ta ɗan fi ta 2025 nisa. Ka fara koya wa idonka da Mushtari tun yanzu. Ka sayi fensir.