Neman shawara: wani yana neman hoton 'yata ta waya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A taimaka min don Allah, kwana biyu ban runtsa ba. 'Yata shekararta 12. Tsohuwar Infinix ɗina na ba ta saboda ta WhatsApp makarantarsu ke turo aikin gida, kuma a ciki take sauraren karatu, ta kusa izu goma. Yarinya ce mai kunya, ko baƙo aka yi ba ta ɗaga kai. Shekaranjiya wajen ƙarfe ɗaya na dare na hango haske ƙarƙashin bargo. Ina karɓa na tarar da TikTok da Telegram, ni kuwa ban sa mata ba. Wani ne ke mata magana, wai shekararsa 14, ya turo mata katin ɗari biyar sau biyu, yanzu yana cewa ta turo hoto ba hijabi. Babanta bai sani ba. Wace manhaja zan sa in riƙa ganin komai ba ta sani ba?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Manhajar leƙen asiri ki bar ta. Yawancinsu ba sa Play Store, sai kin kashe Play Protect, wato kariyar da ke tare miyagun manhajoji, za su shiga, kuma saƙonni da hotunan yarinyar ne za su kwasa su kai inda ba ki sani ba. Family Link za ki sa, manhajar iyaye ce ta kula da wayar yara, ta Google, kyauta. Ki sauke shi a wayarki, ki buɗe mata imel da shekarar haihuwarta ta gaskiya. Ki kwashe abin da kike so daga tata, ki mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sai ki shiga da sabon imel ɗin shi kaɗai. Daga nan ba abin da za ta sauke daga Play Store sai kin amince, kuma ki sa wayar ta kulle kanta daga tara na dare zuwa shida na safe. Inda ake faɗuwa shi ne Xender (na tura kaya daga waya zuwa waya) da Palm Store (wani shagon manhajoji), ta nan yara ke shigo da manhaja ta bayan gida. Ki toshe su, ki rufe izinin saka manhaja daga waje. Ki leƙa XHide ma, Infinix na da shi, a nan ake ɓoye hotuna.

Malamar sakandare: Kada ki goge komai tukuna, Yaya! A Telegram mutum na iya share hira daga wayarsa da ta wanda yake magana da shi gaba ɗaya. Yanzun nan ki ɗauki wata waya ki ɗauki hoton hirar duka, da sunan da yake amfani da shi, da lambar da katin ya fito. Kada ki tanka masa, kada ki zage shi. Sai kin gama ki kai ƙararsa a cikin manhajar, ki toshe shi, ki kai shaidar ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko sashen 'yan sanda na laifukan intanet. Kati farko, hoto daga baya, sai barazanar yaɗawa: haka suke yi. A Yulin 2024 Meta, mai Facebook da Instagram, ta rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan karɓar kuɗi da barazanar yaɗa hotunan tsiraici. Ta tura hoton ko ba ta tura ba?

Wani uba: Duk dogon zance ne. A ƙwace wayar, a ba ta ƙarama mai madanni. Laifin makarantun nan ne, su karɓi kuɗin takarda sannan su turo aiki ta waya. Ga masu turi a shagon caji, kuɗi kaɗan yaro zai bayar a cika masa waya da shara. Kuma a gaya wa uban yau.

Mai tambaya: Malam, ƙwacewa ba za ta yiwu ba, jarrabawa ta kusa. Babanta kuma yana da zafi, duka zai yi. Ni na san tarbiyyar da na ba ta, ƙawaye ne suka tura mata.

Mai gyaran waya: To, a ɗauki hoton hirar kafin a goge, na yarda. Amma ƙwace waya ba magani ba ne, ta ƙawa za ta ara. Hajiya, TikTok ba ya buɗe wa 'yan ƙasa da 16 saƙon sirri, ƙa'idarsa ma sai 13 ake shiga. In a can suka fara hira, shekarun ƙarya aka sa. Rufe shafin za ki yi. Sannan a saitin waya ki nemo Private DNS, ki rubuta family.cloudflare-dns.com, zai tare shafukan batsa. Ba ya ganin abin da ke cikin Telegram, kuma VPN, manhajar kauce wa toshiyar intanet, na iya tsallake shi. A WhatsApp ki sa sai wanda ke cikin lambobinta ne zai iya jefa ta a guruf.

Malamar sakandare: Saiti ba zai gaya miki abin da ya riga ya faru ba. Ki zaunar da ita ku biyu, ba faɗa, ki ce mata ba ita ce mai laifi ba. In hoton ya fita, akwai shafin intanet na Take It Down, kyauta ne don 'yan ƙasa da 18, yana taimakawa a cire shi daga Facebook, Instagram da TikTok. Ko kwabo kada a biya mai neman hoton. Har yanzu ba ki amsa min ba, Yaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Shi Family Link ɗin zai nuna min hirarta?

Mai gyaran waya: A'a, ba ya nuna saƙo.

Mai tambaya: To ai shi nake nema. Ba mai wata manhajar?