Tambaya kan jinyar mahaifina da ciwon hanta ya kai matakin ƙarshe

Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 67 yana fama da ciwon hanta nau'in B, kuma likitoci a wani asibiti a nan Sakkwato sun ce hantar ta ƙeƙashe, ba abin da ya rage sai sauƙaƙa masa wahala a gida. Dashen hanta a Indiya ko Masar ya fi ƙarfinmu, jikinsa ma ba zai ɗauka ba.

An zuƙe masa ruwan ciki sau 3 cikin wata biyu, amma kafin mako biyu cikin ya sake cika har numfashi ya yi masa wuya. Mun rage gishiri, mun cire dunƙule daga miyarsa, muna ba shi spironolactone, maganin rage ruwan jiki ta hanyar fitsari, sai dai an dakatar da ɗayan maganin rage ruwan, furosemide, saboda gwaji ya nuna ƙodarsa ta fara rauni. Lactulose, maganin da ake ba shi don rage ruɗewar da ciwon hanta ke kawowa, ya taimaka da farko, yanzu kuwa barci yake yi da rana, ya kwana yana sambatu, hannuwansa na karkarwa, ranar Juma'a ma bai gane ƙanwata ba. Idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa ya ragu ƙwarai, abinci kuma bai wuce cokali uku na kunu ba.

Duk wanda na tambaya sai ya ce rai a hannun Allah yake. Na yarda da haka, amma yayana yana Legas, bai san ko ya taho yanzu ba.

Likitocin da suka saba da irin wannan jinya, don Allah: da waɗannan alamu, makonni ake magana ko watanni?